Wai ɗan sama jannati ne ko fasinja?

Baban Walida: Jama'a kwana huɗu rabonmu da wuta a unguwarmu, naman da uwargida ta ajiye a firij sai da muka soye shi na dole jiya da daddare, ina zaune shagon mai aski ina cajin waya sai ga labarin nan ya sake dawowa wai NASRDA, hukumar sararin samaniyar Najeriya, ta ƙulla yarjejeniya da SERA, wata cibiyar binciken sararin samaniya mai zaman kanta ta Amurka, tun 2024 za a kai ɗan sama jannati daga Najeriya. Ƙasar da taransifoma ta gagara! Tun 1999 aka kafa hukumar nan ta NASRDA, don Allah wani ya nuna min abu ɗaya da ta tsinana wa talaka.

Injiniya: Gyara zancenka malam, ba ɗan sama jannati ba ne. Kumbon kamfanin Blue Origin na Amurka ne, New Shepard, ya ɗan haura kilomita 100 ya dawo, tafiya da dawowa wajen minti 11. Ko shayi bai gama hucewa ba. Fasinja ne kawai.

Ɗan Toro: Fasinja a gidan wa? Wanda ya tsallake kilomita 100 ai ya shiga sararin samaniya ko da minti ɗaya ya yi. Kai ko jirgin Legas ka taɓa hawa?

Ustaz: Ni kalmar ce ma ba ta kwanta min ba. Jannati fa? Mutum ya shiga gwangwani ya leƙa sama ya sauko a ce jannati. Mu dinga lura da harshenmu.

Maman Ihsan: Haba Ustaz, tun muna yara muke jin ta a rediyo, ba wanda ya taɓa cewa Aljanna suka je.

Ustaz: Hajiya, daɗewar kuskure ba ta mayar da shi daidai.

Injiniya: Toh ku ga, ko a 2025 wani lauya ɗan Najeriya Owolabi Salis ya hau wannan kumbon ya je ya dawo. In zama a kujera ne ke sa a samu sunan, to duk wanda ya hau jirgin alhazai ma matuƙi ne.

Ɗan Toro: Hassada ce kawai ke cin ka wallahi. Ku ba ku san aikin da ake yi ba, cibiyar hukumar tana nan garinmu Toro a jihar Bauchi, masu auna motsin ƙasa, akwai wata a Jos, wata a Nsukka. Tauraron ɗan'adam ɗinmu NigeriaSat-1 tun 2003 muka harba shi, har hotunan ɓarnar guguwar Katrina ya ɗauka a Amurka a 2005.

Injiniya: “Muka harba”? A Ingila aka ƙera shi, daga Rasha aka harba. Shi kuma NigComSat-1 da Chaina ta harba mana a 2007 shekara ɗaya da rabi ya yi ya mutu, sai 2011 aka maye gurbinsa.

Ɗan Toro: Ka tsallake NigeriaSat-X da gangan, injiniyoyinmu ne suka haɗa shi da hannunsu, 2011.

Injiniya: A Ingila.

Na Fagge: Hhhh mutanen Bauchi da cika baki, an ba ku cibiya ɗaya kun hana mu sakat. Da a Kano take da tuni mun fara sayar da tikitin.

Ɗan Toro: Ku da komai kasuwa ne, har gaisuwa sai an yi ciniki.

Maman Ihsan: Na Fagge kai da har yau ba ka biya kuɗin ankon bikin ƙanwata ba kake maganar tikiti?

Na Fagge: Anti wannan ai ba wurinsa ba ne.

Baban Walida: Ni fa tambayata talaka, me ya samu?

Ustaz: A fara gyara sunan tukuna. A ce mai zuwa sararin samaniya, shikenan, ba wanda zai yi ciwon baki.

Admin: Ya isa haka. Na bi komai daga farko, kuma abin da na fahimta shi ne yawancinmu mun yarda hukumar tana aiki, musamman cibiyarmu ta Toro, sannan duk wanda ya wuce kilomita 100 ɗan sama jannati ne, Injiniya bai kawo wata hujja ba sai tsawon minti. Maganar Ustaz a kai wa malamai. Na Fagge ka nemi Anti ka biya kuɗin mutane kafin Juma'a, kuma ka janye abin da ka faɗa kan mutanen Bauchi ko in cire ka.