Shin ya dace a shafa wa jariri yumɓu idan fatarsa ba ta son komai?

Maman Iman:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce da ni a kan yumɓun da ake sayarwa don gyaran fata. Jaririya ce 'yar wata huɗu, fatarta da an sauya sabulu ko mai sai ta yi ja, ga matsematsinta da ƙasan wuyanta suna yawan saɓewa. An ba ni shawarar in riƙa kwaɓa yumɓu ina shafa mata tunda shi daga ƙasa yake, babu haɗin komai. Wane iri ne ya dace, yaya ake kwaɓa shi, minti nawa zai yi a jiki? Kuma ana iya barbaɗa shi a maimakon hoda?

Anti Ungozoma:

Wa alaikumus salam, Maman Iman. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe don ita ce ta fi haɗari: kada ki barbaɗa. Garin yumɓu laushinsa ya kai na hoda, da kin kaɗa shi sai ya tashi a iska, jariri kuma numfashinsa ya fi na babba sauri, hanyoyin iskar huhunsa ƙanana ne. Abin da ya shaƙa yana iya zama a can. Dalilin da ya sa likitocin yara suke hana hodar jarirai ke nan tun asali, ko ta talk ce ko ta sitaci, kuma yumɓu ya ƙara da wani abu, domin sau da yawa akwai ɓurɓushin yashi mai laushi a cikinsa wanda huhu ba ya iya fitarwa. Ban da haka, garin da aka zuba a matsematsi yana haɗuwa da gumi da fitsari ya dunƙule, sai ya koma yana gurzar wurin da ake son a kare.

Sai kuma ki san aikin yumɓu. Shanyewa yake yi, ya janye ruwa, ya janye maiƙo. Shi ya sa yake yi wa babba mai fuska mai maiƙo amfani. Jariri kuwa akasin haka yake. Shimfiɗar saman fatarsa, wadda ke tsare ruwa a ciki ta tare ƙwayoyin cuta a waje, ta fi ta babba siranta da kusan kashi ɗaya cikin uku, ruwa yana fita ta cikinta da sauri, kuma bayan watannin farko maiƙon da take fitarwa kaɗan ne ƙwarai har sai an kusa balaga. Idan fatar jariri tana yin ja da an taɓa ta, galibi wannan shimfiɗar ce ta yi rauni. Kin ga in kika kawo abin da ke tsotse ɗan maiƙon da ya rage, kin ƙara wa Barno dawaki.

Don haka kafin a yi maganar yumɓu, ki duba wane irin ja ne. Idan wurin a bushe yake, yana garje, yana ɓarewa kamar dusa, a kumatu ko bayan gwiwa ko lanƙwasar hannu, kuma tana ƙoƙarin goga shi da zani, wannan ya yi kama da kirci. Yumɓu ba shi da wuri a nan ko kaɗan. Abin da yake so shi ne mai mai kauri wanda babu turare a ciki, irin basilin fari, a shafa sau biyu ko uku a yini, musamman cikin mintuna kaɗan bayan wanka tun jiki da ɗan danshi. Wankan kuma ya tsaya a minti 5 zuwa 10, ruwan ya zama ɗumin jiki, wajen digiri 37.

Idan kuwa wurin a jiƙe yake, cikin ninkin wuya ko hammata inda nono da yawu da gumi ke taruwa, to a nan ne kaɗai mai shanye danshi zai iya yin wata ma'ana. Ko a nan ɗin ma, buɗa ninkin, a wanke da ruwa zalla, a danna tsumma mai laushi a tsane, a bar iska ta shiga, ya fi komai saurin gyarawa.

Gargaɗi ɗaya ga duk mai karanta wannan da sabon haihuwa a hannu: cibiya ba a kai mata yumɓu, kowane iri ne, ko an ce an tace shi sau bakwai. Ƙwayar tetanus a ƙasa take rayuwa, kuma ɗanyar cibiya ita ce ƙofar da take bi. Jaririn da ya kamu yakan fara da ƙin kama nono tsakanin kwana 3 zuwa 14, sai muƙamuƙi ya ƙage, jiki ya sandare. Cibiya a bar ta a bushe da tsabta, inda kuma ma'aikatan lafiya suka ba da kilohegzidin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shafa shi yadda suka ce.

Malam Mai Haɗa Magani:

Anti ta gama magana a kan fata, ni bari in taɓo shi kansa yumɓun, don kalmar tana rufe abubuwa da yawa da ba su yi kama da juna ba.

Kawolin shi ne fari mai santsi, wanda ake yin tangaran da shi. Sunan ma daga wani tsauni ne a China da ake kira Gaoling. Ba ya kumbura a ruwa, shanyewarsa kaɗan ce, shi ya sa ya fi duka sauƙi a fata, kuma za ki gan shi a jerin kayan haɗin wasu mayukan saɓewar famfas. Bentonait daban ne. Daga tokar aman wuta ta zamanin da ya samo asali, yana tsotse ruwa ya kumbura ninki da yawa, musamman mai sodiyam. Akwai kuma kore wanda ake dangantawa da Faransa, da rasul na duwatsun Atlas a Maroko, dukansu sun fi kawolin ƙarfin janye maiƙo. Waɗannan na manya ne.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne ma'aunin pH, wato ma'aunin tsamin abu: ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 akasinsa. Fata mai lafiya tana da ɗan tsami, wajen 5.5, kuma wannan tsamin ne ke riƙe ƙarfinta. Jariri yana zuwa duniya da pH kusa da 7, a makonnin farko yake sauka. Bentonait da aka kwaɓa da ruwa yana kaiwa 8 zuwa 10, wato ɓangaren sabulu. Yanzu ki haɗa wannan da yadda saɓewar famfas ke faruwa: fitsari ya gamu da kashi, ƙwayoyin da ke cikin kashin su mai da sinadarin fitsarin amoniya, pH ya hau, sinadaran narkar da abinci da suka biyo kashin su farka su fara cin fata. Kin ga dai ba a rasa abin da zai ƙara ɗaga pH a wurin ba.

Gaskiya kuma a faɗe ta: an yi wasu ƙananan gwaje-gwaje a Iran a 2014 da 2015 inda aka kwatanta man bentonait da man furen kalendula a kan saɓewar famfas, aka ga na bentonait ya fi saurin warkarwa. Sai dai yaran da aka gwada ba su da yawa, yumɓun an tsarkake shi kafin a haɗa, kuma ba da man saɓewa na zink oksaid aka kara shi ba, wanda shi ne aka daɗe da sanin aikinsa. A ganina wannan bai isa a ajiye zink a ɗauki yumɓu ba.

Sai batun tsabta. "Daga ƙasa yake" ba shaidar lafiya ba ce, dalma ma daga ƙasa take. A shekarar 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi har sau biyu a kan kayan bentonait da aka samu da dalma mai yawa a ciki. Yumɓu yana kama ƙarafa masu guba a jikinsa tun a inda aka haƙo shi, irin su dalma da arsanik. Dalma ba ta ratsa lafiyayyar fata sosai, amma 'yar wata huɗu duk abin da ya taɓa hannunta a baki yake ƙarewa, kuma babu wani adadin dalma da aka yarda ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro. Tafasawa ba ta cire dalma. Shanyawa a rana ba ta kashe ƙwayar tetanus, don tana da ɓawon da ke jure ko da tafasasshen ruwa na ɗan lokaci. Sai tukunyar tururi ta asibiti a digiri 121, ko busasshen zafi na digiri 160 har awa biyu. Saboda haka wanda aka haƙo a rami, ko aka saya a ƙulle babu suna babu takarda, ki cire shi a lissafi. Ki kuma kula da abin da ake kira farar ƙasa, sunan yakan hau kan abubuwa daban-daban, har da na shafen bango mai ƙona fata.

Idan duk da haka kina son gwadawa, ga yadda haɗarin zai ragu. Kawolin fari kaɗai, na matakin magani ko na kayan shafa, a rufe daga kamfani, jerin kayan haɗinsa kalma ɗaya ce, babu turare babu man ganyayyaki. Ki kwaɓa a wani ɗakin ba inda take ba, saboda ƙura. Cokalin shayi ɗaya na gari, cokali biyu na ruwan da aka tafasa ya huce. Ruwan za ki fara zubawa a kofi mai tsabta, sannan ki sa garin a hankali, ki bar shi ya jiƙa minti biyu kafin ki juya. Ya zama ruwa-ruwa yana bin cokali. Ki murza kaɗan tsakanin yatsu biyu, in kin ji tsakuwa-tsakuwa ki zubar. Kada ki sa ruwan khal ko lemon tsami kamar yadda ake yi a haɗin fuskar manya. Maganar wai cokalin ƙarfe yana kashe ƙarfin yumɓu kuwa, da cokalin silba na yau da kullum ba abin damuwa ba ne, tsabtarsa ce abin dubawa.

Ranar farko gwaji ne kawai. Ki ɗiga faɗin farcen babban yatsa a cikin cinyarta inda fatar take lafiya, minti uku, ki wanke, ki jira awa 24 zuwa 48. In babu ja babu ƙuraje, sai ki shafa siriri a wurin da ke jiƙewa, muddin fatar ba ta fashe ba. Minti uku zuwa biyar, kina riƙe da hannayenta. Kada ya bushe. Da kin ga gefensa ya fara haske yana shirin tsagewa, lokaci ya wuce, domin daga nan ya gama shan danshin waje ya koma shan na fata, kuma ɓamɓare busasshen yumɓu a jikin jariri kankare fata ne. Ki kwarara ruwa mai ɗumi har ya fita tas daga cikin ninki, ki tsane, ki bi da mai. Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. Ragowar kwaɓin a zubar, yumɓu mai ruwa babu abin tsare shi gidan ƙwayoyin cuta ne. Fuska, gaba, cikin ɗuwawu, duk ba a kai shi. Ƙasa da wata uku, ko bakwaini, ni ba zan ce a gwada ba sam.

Ummu Safwan:

Malam, Allah ya ƙara basira, amma ni a matsematsi ko kawolin ɗin ban goyi baya ba. Wurin da ake rufewa da famfas katanga yake nema tsakaninsa da fitsari, yumɓun da za a wanke bayan minti biyar kuwa bai bar komai a wurin ba.

Maman Iman, ki yi wannan na kwana uku ki gani. Sauya famfas duk awa biyu zuwa uku da rana, kashi kuwa nan take. Ki ajiye tishu mai jiƙa ɗin nan mai ƙamshi, ki koma auduga da ruwa, daga gaba zuwa baya. Ki bar ta tsirara a kan tawul minti goma, sau uku ko fiye a yini. Sannan ki laɓta man zink oksaid da kauri har ba kya ganin fatar. Masu kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na kariya ne, mai kashi 40 na wanda ya riga ya saɓe. Inda iyaye ke kuskure shi ne goge man tas a kowane sauyi. A'a, saman da ya ɓaci kawai za ki share, ki ƙara sabo a kai. In ya zama dole a cire duka, ɗan mai a auduga yana narkar da shi ba sai an gurza ba. Famfas ɗin kuma kada ya matse, yatsu biyu su iya shiga a ƙugu.

Ki kuma duba inda jan yake. Saɓewar fitsari tana kama wuraren da suka taso suna taɓa famfas, ta bar can cikin ninki. In kuwa jan ya yi jawur yana sheƙi har cikin ninkin, ga ƙananan ɗige-ɗige sun watsu a gefensa, kandida ce, wato ciwon fangas. Ba yumɓu ba, zink ma shi kaɗai ba ya kashe ta, sai man fangas irin nistatin ko kilotirimazol daga hannun likita. A leƙa bakinta ma, in akwai fari-fari a harshe da cikin kumatu wanda ba ya goguwa, tare ake maganinsu.

Maman Iman:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba, na matsematsin bai shiga ninki ba, amma na wuyan yana ɗan tsatsafo da ruwa kuma yana ɗan wari. Shi ma zan iya gwada kawolin ɗin a kai?

Anti Ungozoma:

A'a 'yata, wanda ke tsatsafo da ruwa fatar ta riga ta buɗe, kuma warin yana nuna ƙila wani abu ya fara tsiro a wurin. Kada ki sa masa yumɓu, kada ki sa hoda. Ki ɗaga haɓarta ki wanke da ruwa zalla bayan kowane shan nono, ki tsane da tsumma mai laushi ba tare da gogawa ba, ki sauya riga da ta jiƙe da yawu, ki riƙa kwantar da ita rub da ciki tana farke kina kusa don wuyan ya buɗe ya sha iska. Ki kai ta a duba cikin kwana ɗaya ko biyu, don a ido ake bambance na fangas da na bakteriya, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. In kin ga ɓawo mai ruwan zuma, ko ƙuraje masu ruwa, ko jan yana yaɗuwa wurin yana zafi, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, ko ta rage kama nono, to yau ɗin nan za ki kai ta.