Wane bidiyo kuke bi idan kuna tuƙa keke a ɗaki?

Sabon Shiga: Salamu alaikum jama'a. Masu keken motsa jiki na cikin ɗaki, wane bidiyo ne ya fi sa mutum ya dage? Minti goma kawai gundura ke tasowa.

Ɗan Zwift: Wa alaikumus salam. Zwift, manhajar tseren keke a allo, an gama magana.

Hajiya Feda: Bidiyo ya tambaya, kai ka kawo masa wasan kwamfuta. Ƙanina, shiga YouTube ka nemi na GCN, tashar masu keke, kyauta ne. Akwai na minti 20, na 30, har na awa guda. A gefen allo suna nuna agogo, da lambar wahala daga 1 zuwa 10, da yawan juyin feda a minti. Sauke shi tun kafin ka hau, don idan intanet ya tsaya a tsakiyar zagaye yana kashe gwiwa.

Malam Koci: Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai yawanci ba bidiyon ne ke korar mutane ba, yadda aka saita keken ne da kuma zafi. Fara da sirdi. Zauna, ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba. Idan ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, to ya yi. Mai son lissafi ya auna daga matsematsi zuwa ƙasa ya ninka da 0.883: santimita 80 zai ba da kusan 70.6, daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa saman sirdi. Ciwo a gaban gwiwa, galibi sirdi ya yi ƙasa. Ciwo a bayanta, ya yi sama.

Sai fanka. A titi iska ke busar da zufa, a ɗaki kuwa babu ita, sai jiki ya ɗau zafi, bugun zuciya ya riƙa hawa alhali ƙarfin da kake sawa bai ƙaru ba. Mutum ya ɗauka rashin ƙarfi ne, ashe zafi ne. A kafa ta tana fuskantar ƙirji, a ajiye ruwa rabin lita zuwa mililita 750 na kowace awa.

Na uku nauyi, wato taurin juya feda. Sababbi suna sassauta shi gaba ɗaya don su kamo saurin mai koyarwa, sai ka ga mutum yana tsalle a kan sirdi, wilin ne ke jan ƙafarsa ba shi ke jan wilin ba. Ƙara nauyi har zama ya daidaita, ka riƙe juyi 80 zuwa 90 a minti. Babu na'ura? Ƙirga sau nawa gwiwar dama ta taso a daƙiƙa 15, ka ninka da 4.

Kuma don Allah kada a bi bidiyo mai zafi kullum. Biyu a mako sun isa, da kwana ɗaya aƙalla a tsakani, sauran ranakun tuƙi mai sauƙi wanda za ka iya hira kana yi. Minti 10 na farko na ɗumama jiki ne, ba a tsallake shi.

Injiniya: A ƙara da tawul a kan hannun keke. Gishirin zufa yana cin kusoshi, tsatsa ta kama su har su ƙi kwancewa. A goge bayan kowane hawa.

Baba Tsoho: Keken da ya koma wurin shanya kaya ai ba ya tsatsa.

Ɗan Zwift: Baba, shi ya sa na ce Zwift. Kana ganin wani ya wuce ka a allo, barci zai wartsake.

Hajiya Feda: Zwift sai da injin keke da ke magana da waya ta Bluetooth ko ANT+, ko aƙalla na'urar auna gudu. Ka tambaye shi yana da su? Ni a ganina ma manhajar Rouvy ta fi, hanya ce ta gaske da aka ɗauka da kyamara, ba zane ba.

Ɗan Zwift: Kallon dutse ba ya sa tsere, Hajiya.

Injiniya: Masu irin wannan injin su kula da ERG, tsarin da injin ke saita nauyi da kansa. Idan juyinka ya faɗi, shi kuma sai ya ƙara nauyi don ya riƙe adadin wat ɗin (ma'aunin ƙarfin da kake sawa), ƙafa ta ƙara yin sanyi, ya sake ƙarawa, har feda ta cije. Dakata kaɗan ya saki, ka tashi da juyi sama da 85. Kuma lambar FTP, wato ƙarfin da za ka iya riƙewa na kusan awa guda, ta zama ta gaskiya: matsakaicin wat na minti 20 iya ƙarfinka, a ninka da 0.95. Wanda ya yi 200, tasa 190 ce.

Baba Tsoho: To duk wannan lissafin yana rage teɓa?

Malam Koci: Baba, kitse ba ya narkewa a wuri ɗaya don an zaɓe shi. Kuma bidiyon da ke sa a riƙa lanƙwasa hannu ana yin ƙasa da sama a kan keke, a wuce shi.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai. Malam, fankar ta tsaye ko ta sama?

Ɗan Zwift: Ta tsaye. Amma dai Zwift.