Hannun dVRK yana yanke wuta a lokacin tayarwa

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masu kula da dVRK (da Vinci Research Kit), wato mutum-mutumin tiyata na ɗakunan bincike. Hannun da ke riƙe kayan aiki, PSM1, yana yanke wuta da zarar an fara tayar da shi, manhaja kuma tana cewa enkoda da fotenshiyomita ba su yi daidai ba a gaɓa ta biyar. Sauran hannaye lafiya lau. In ƙara faɗin tazarar da aka yarda da ita a fayil ne, ko akwai abin da zan fara dubawa?

Mai_Sukudireba:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka taɓa tazarar nan. Ita ce ke hana moto tura gaɓa inda bai kamata ba.

Kowace gaɓa tana da ma'auni biyu. Enkoda tana ƙirga motsi daga inda aka kunna ta, ba ta san inda gaɓar take ba. Fotenshiyomita ce ke gaya mata wurin farawa. Idan suka saɓa, ɗaya daga cikinsu ƙarya take yi.

Fara da mai sauƙi: lambar da ke jikin hannun ta yi daidai da ta fayil ɗin saitin da ka loda? Kowane hannu da nasa fayil, kuma idan an taɓa musanya hannaye, nan matsalar take yawan fitowa. Sannan ka buɗe qladisp, manhajar da ke nuna lambobin ma'aunan, motoci a kashe, ka juya faifan gaɓar, wanda ke juya kayan aiki, da hannunka a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe kana kallon lambobi. Idan enkoda tana hawa sumul amma fotenshiyomita tana tsalle a wuri guda, ta cinye a wurin. Idan duka suna tafiya sumul amma tazara tana ƙaruwa yayin da kake nisa da tsakiya, ma'aunin ninkawa ne ya kauce, wato adadin da ake ninka karatun fotenshiyomita da shi don a samu matsayin gaɓa, sai a sake saiti. Ninkawa ake fara gyarawa, kafin a zo kan sifili, wato wurin da gaɓa ke fara ƙirga. Don sifilin gaɓoɓi huɗun ƙarshe akwai farantin da ke riƙe fayafayan a tsaye, kada ka yi shi da ido.

Injiniya_B:
Ƙari a kan bayanin Malam: idan lambar tana rawa alhali ba a taɓa hannun ba, lantarki ne. Kashe akwatin sarrafawa, cire babban soket mai filoli 156, haska da tocila ka nemi fil da ya lanƙwashe ko ya nutse, ka duba wayar ƙasa. Hannayen nan daga samfurin farko na mutum-mutumin tiyatar da Vinci aka ciro su, sun ga shekaru.

Gwaji mafi saurin raba gardama: jona hannun a akwatin hannu na biyu, PSM2, da fayil ɗin hannun amma da lambobin allunan akwatin, wato 8 da 9 maimakon 6 da 7. Idan matsalar ta bi hannun, ka bar zargin akwati.

Sabon_Hannu:
Na gode ƙwarai. Idan an gama saiti, bakin almakashin zai riƙa sauka daidai inda manhaja ta ce?

Mai_Sukudireba:
Ba zai sauka ba. Babu ma'auni a bakin kayan aikin, lissafi ake yi daga motoci, kuma wayoyin da ke jan wuyan kayan aikin suna miƙewa, suna da ɗan sako-sako idan an juya baya. Likita ba ya jin wannan domin idonsa na gyara masa, amma ɗalibin da ke gwajin ɗinki mai sarrafa kansa zai ga kuskuren milimita da yawa. Rubuta lambar kayan aikin da aka yi kowane gwaji da shi, ka kuma auna bakin da kyamara ko na'urar bin sawu. Gwajin farko bayan saiti, a yi shi ba tare da kayan aiki a jiki ba, mutum ɗaya na tsaye da hannu a kan maɓallin gaggawa.