Wane harshen kwamfuta ya kamata in fara koya domin lissafin hasashen kuɗi?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfani, kuma kusan duk lissafina a Excel nake yin sa, tun daga hasashen kuɗin shiga da na fita har zuwa auna ribar wani aiki kafin a zuba jari a cikinsa. Damuwata ita ce fayilolin sun yi nauyi har sukan daskare, kuma duk ƙarshen wata sai na maimaita aiki iri ɗaya da hannu. Ban taɓa rubuta manhaja ba. Wani ya ce VBA, wani Python, wani R, wani kuma ya dage cewa C++ ne harshen manyan bankuna. Lokacina ba zai ishi fiye da guda ɗaya ba. Don Allah da wanne zan fara?

Tsohon_Akanta:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara da Python. Guido van Rossum ya fitar da shi a 1991, rubutunsa kuma yana da sauƙin karantawa, amma abin da ya fi shafarka shi ne ƙunshin kayan aikin da ake kira pandas, wanda Wes McKinney ya fara ginawa a 2008 lokacin da yake aiki a kamfanin zuba jari na AQR. Da shi za ka buɗe fayil ɗin Excel, ka haɗa bayanan watanni goma sha biyu, ka tace su, sannan ka mayar da sakamakon Excel, duk da umarnin da ka rubuta sau ɗaya. Shafin Excel ba ya ɗaukar fiye da layi 1,048,576, kuma tun kafin ka kai nan zai fara ja da baya. C++ kuwa ka ajiye shi tukuna, domin an fi bukatarsa inda ake cinikin hannun jari cikin ƙiftawar ido, aikinka kuma bai kai can ba.

Malama_Ƙididdiga:
Ban ƙi shawarar Malam ba, sai dai akwai tambayar da ya kamata a fara yi: wa zai duba lissafin bayan ka gama? Idan shugabanka da masu binciken kuɗi Excel kaɗai suka iya, za su so su danna gurbi su ga fomular da ta haifar da kowane adadi, kuma ba za su sa hannu a kan abin da ba su iya bin diddiginsa ba. A irin wannan wurin VBA, wanda yake cikin Excel tun 1993, yana iya raba ka da maimaicin ƙarshen wata ba tare da ka fita daga inda abokan aikinka suke ba. Aibinsa shi ne ba zai raka ka nesa da manhajojin Microsoft ba. Ni da R na fara, kuma har yau ina ganin ya fi daɗi wajen nazarin ƙididdiga da zana jadawali, amma ga mai aikin ofis irinka ba zan ce ya sha gaban Python ba, musamman da yake Microsoft ta sanar da shigar da Python cikin Excel a 2023.

Mai_Bin_Diddigi:
Kowanne ka zaɓa, Malam, kada ka ɗauka cewa suna ɗaya yana nufin lissafi ɗaya. Na taɓa kwana biyu ina neman kuskuren da ba nawa ba. A ce ka zuba 1,000 yau, ka samu 600 a ƙarshen shekarar farko da 600 a ƙarshen ta biyu, ana rage darajar kuɗin gaba da kashi 10 cikin ɗari a shekara. Idan ka jera adadin uku (na farkon a matsayin -1,000 tunda fita ya yi) cikin fomular NPV ta Excel, wadda ke auna ribar jari da darajar kuɗin yau, za ka ga 37.57, alhali npv na ƙunshin numpy-financial a Python zai ba ka 41.32. Dalili kuwa shi ne Excel yana ɗaukar adadin farko a matsayin na ƙarshen shekarar farko, shi kuma wancan yana ɗaukarsa a matsayin na yau. Saboda haka aikinka na farko ya zama sake gina wani lissafi da ka riga ka san amsarsa, ka gwada su gurbi da gurbi har sai sun dace.

Sabon_Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da Python wajen tattara bayanan wata-wata, in bar ainihin lissafin a Excel saboda masu dubawa. Yanzu na buɗe fayil ɗina na tarar adadin farko yana cikin fomular NPV, don haka wannan zan fara gyarawa gobe da safe.