Ƙafa na daskarewa a kan keke, ina mafita?

Sagir: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da sanyi ya shigo nake fita aiki da keke, tafiyar minti 40 ce. Jiki lafiya lau, har zufa nake yi, amma yatsun ƙafata kafin in isa sun daskare, ko motsa su ba na iyawa. Na ninka safa har uku, abin sai ƙaruwa yake.

Baban Amira: Wa alaikumussalam. Ai safa ukun nan su ne suka kashe ka, Sagir. Ka cusa su cikin takalmin da aka yi wa safa ɗaya, ka matse ƙafa, jini ya kasa zagayawa. Jini ne ke kai ɗumi yatsu, safa riƙe shi kawai take yi. Ka koma safa ɗaya mai kauri ta ulu, in son samu ne ulun tumakin merino, ka sassauta igiyar takalmi har ka ji yatsunka na wasa a ciki. In za ka sayi takalmin sanyi, ƙara lamba ɗaya a kan wadda ka saba. Auduga kuma ka manta da ita: tana shan zufa ta riƙe, ulu kuwa ko ya ɗan jiƙe bai rasa ɗumi.

Anti Rabi: Ni duk wanda ya kawo wannan kuka, tambayata ta farko ita ce: kekenka na da murfin taya? Yawancin ruwan da ke jiƙa ƙafa daga tayar gaba yake fantsamowa, ba daga sama ba. Ka sa murfi dogo, ka ƙara masa ɗan leɓe na roba a ƙasa ya sauko kusa da titi. Ruwa na zuƙe zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska, don haka ƙafar da ta jiƙe ta gama yawo.

Sagir: Gaskiya Anti, babu. Na cire shi wai don keken ya fi kyau.

Anti Rabi: To ga kyau nan ka samu.

Habu: Yaya Sagir, akwai rigar takalmi da ake sawa ta waje, ta neoprene, irin kayan masu nutso. Tana tare iska sosai. Amma ka saukar da ƙafar wando a kanta, in ba haka ba ruwa zai bi ƙwaurinka ya gangara ciki. Idan takalmin irin na bazara ne mai hujojin shan iska, ka liƙe su da salatif, har na tafin. Wanda takalminsa ke da ƙarfen maƙale feda a tafi kuma ya sani ƙarfen nan sanyi yake jawowa, sai a sa shimfiɗar ulu a cikin takalmin. Ni dai na haƙura na koma feda ta roba da but na sanyi.

Malam Idi: Dabarar da babu kashe kuɗi: leda. Siririyar safa, sai leda, sai safar ulu.

Baban Amira: Malam, ledar nan ina da ja a kanta. Ƙafa za ta yi ta iyo cikin zufa.

Malam Idi: Za ta yi zufa kam, amma zufar ba ta kai ga ulun, shi ne hikimar. A gajeriyar tafiya tana aiki. Yini guda ne ban ba da shawara ba, fata takan yi yaushi. Mai hali ya nemi safa marar shan ruwa irin SealSkinz, sai dai in ruwa ya shiga ta sama, ya shiga ke nan.

Habu: Akwai kuma 'yan ƙunshin nan masu ɗumama yatsu. Garin ƙarfe ne a ciki, sai ya sha iska yake zafi, shi ya sa a takalmi matsattse yakan mutu da wuri. Ka buɗe shi ka bari na ɗan lokaci, sannan ka liƙa a saman safa.

Anti Rabi: Kada a manta da ƙirji da cinya. Jiki in ya ji sanyi, jinin yatsu yake fara janyewa. Sannan Sagir, in yatsu suka yi fari suka daina ji, kar ka murza su, kar ka kara su da hita. Ruwa mai ɗumi, kamar digiri 38 a ma'aunin Celsius, ya isa. In abin na maimaituwa, ko mutum na da ciwon suga, likita za a gani.

Sagir: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gobe zan mayar da murfin. Takalmin da ya jiƙe yau fa?

Malam Idi: Zare shimfiɗar, ka cusa tsohuwar jarida, ka canja ta kafin ka kwanta. Nesa da hita, zafi na sakin gam.