Maƙwabciyata Bayahudiya ta gayyace mu cin abinci ran Juma'a da daddare, wa ya taɓa zuwa?

Maman Hanif, Landan:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka taɓa zama da Yahudawa ku ba ni haske. Muna zaune a Golders Green, maƙwabciyata Bayahudiya ce masu riƙo da addini, mutuniyar kirki wallahi, yaranmu tare suke wasa. Ta ce mu zo ni da maigida mu ci abinci ran Juma'a da daddare, na amsa amma ban san ya ake yi ba. Naman nasu ya halatta gare mu? Kuma me zan riƙe mata, har na fara tunanin in yi mata dambun nama.

Anti Ladi:
Wa alaikumus salam. Maman Hanif ki ajiye dambunki ku ci da yara, za ta karɓa da fara'a amma ba za ta ci ba, duk abin da aka dafa a tukunyar da ba tasu ba ba sa ci. Na yi aikin kula da wata tsohuwa a Stamford Hill, kicin ɗinta komai biyu ne, wurin wanke-wanke biyu, tukwane biyu, cokula biyu, hatta soso na nama daban na madara daban, don ba sa haɗa nama da madara ko man shanu ko cuku. Tsohuwar in ta ci nama sai ta jira awa 6 kafin ta sha shayi da madara, wasu kuma awa 3 suke jira. Ki sayi 'ya'yan itace ko cakulan daga shagonsu mai tambarin kosha, wato halal ɗinsu, ki kai tun da rana kafin faɗuwar rana, kar ki bari sai za ki shiga ki taho da shi a hannu.

Ɗan Zango, Bronx:
Hajiya maganar nama dai mu nan da yawa in ba a samu na halal ba kosha muke saye, malaminmu ya kafa hujja da aya ta 5 a Suratul Ma'ida kan abincin Ahlul Kitabi. Yankan hannu ne da wuƙa mai kaifi, mai yankan ma sai ya yi karatu an ba shi izini, kuma suna tsane jinin da gishiri. Akwai malaman da suke da ja don addu'a ɗaya mahaucin yake yi wa dabbobi da yawa, to ki tuntuɓi naki malamin. Abin da za ki lura da shi giya ce, su a wajensu ba haramun ba ce, da ita ma ake buɗe cin abincin daren, maigidan zai ɗaga kofi ya yi addu'a sannan a zuzzuba wa kowa. Ki faɗa mata tun yanzu, suna da ruwan inabi marar sa maye wanda yara ke sha, kuma ki tambaya ko an sa giya a miya.

Baban Yara, Manchesta:
Ni na je, gidan wani abokin aikina, bari in ba ki yadda ta kasance. Matar gidan ce ke kunna kyandir biyu wajen minti 18 kafin rana ta faɗi, daga nan shi kenan Asabar, ranar hutunsu ta addini, ta shiga, ba waya ba talabijin ba tuƙi ba kunna wuta ba kashewa sai gobe da daddare in taurari uku sun fito. To ki ƙwanƙwasa ƙofa, kar ki danna ƙararrawa, wayarki kuma ta zauna a jaka. Da muka zauna maigidan ya bi yaransa ɗaya bayan ɗaya yana ɗora musu hannu a ka yana sa musu albarka, ƙaramin yana ta mutsu-mutsu yana leƙen burodi, abin ya burge ni gaskiya. Bayan kofin addu'a suka tashi wanke hannu da wani kofi mai mariƙi biyu, suka dawo kowa gum ba mai magana, ni kuwa ina ta zuba surutu suna min murmushi kawai, ashe tsakanin wanke hannu da cin burodin ba a magana. Burodin guda biyu ne an kitsa su kamar kitson mata, an lulluɓe da kyalle, ya yanka ya dangwala a gishiri ya miƙa wa kowa. Sai kifi, sai romon kaza, sai nama, ana waƙoƙi ana hira ana tambayar yara abin da aka koya musu a makaranta. Ku ci da sauƙi daga farko don abincin ba ya ƙarewa.

Anti Ladi:
Na manta, in kin shiga banɗaki kar ki kashe wuta in kin fito, in kin kashe haka za su zauna a duhu har gobe. Gidan da na yi aiki salatif suke mannawa a makunnin. Takardar banɗaki ma a yage take tun ran Juma'a da rana.

Sadauki:
To su da ba sa taɓa wuta in wani ya faɗi rashin lafiya fa?

Anti Ladi:
In rai ne a haɗari komai ya halatta, su da kansu za su ɗau waya. Suna ma da motar asibitinsu ta 'yan sa kai, Hatzola, ran Asabar ma tana fita.

Ummu Salma, Faris:
Kar dai a ɗauka duka haka suke. Shugabar wajen aikina Bayahudiya ce 'yar asalin Maroko, ran Asabar tana tuƙinta tana amsa waya, amma Juma'a da daddare ko me ake ciki sai ta je gidan mahaifiyarta cin kuskus, kuma azumin Yom Kippur na wajen awa 25 ba ta sha. Maman Hanif ki sa kayanki na mutunci da mayafinki ba mai kallonki, matan aurensu masu addini ma suna rufe kai, wasu da ɗankwali wasu da gashin kanti. Ki gaya wa maigida kar ya miƙa wa matar hannu, ke ma mijin ba zai miƙo miki ba. Siyasa kuma ku bar ta a gida, abinci aka kira ku ci.

Ɗan Zango, Bronx:
In kuma ran nan kina son ramawa, kar ki ce za ki yi musu farfesun tarwaɗa, kifin da ba shi da ɓawo ba sa ci, haka zomo da raƙumi. Wani fasinjana Bayahude ya ce min wasu daga cikin 'yan uwansu na Yaman har fara suna ci, na ce masa ashe da sun zo Maraɗi ba za su kwana da yunwa ba. Ki kira su shan shayi kawai, kofin roba sabo fil da biskit ɗin shagonsu a ledarsa ba a buɗe ba, za su zo.