Suga ya taɓa ƙodar maigidana, na rasa abin da zan dafa masa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara. Maigidana ya daɗe da ciwon suga tun kafin aurenmu, kuma ba ya son asibiti, sai yayarsa ta sa baki yake zuwa, ita ɗin ma ba ma shiri tun da ta ce girkina ne ya ja masa hawan jini. Yanzu an ce ciwon ya taɓa ƙoda, eGFR ɗinsa (gwajin da ke nuna ƙarfin aikin ƙoda) 41, ga furotin a fitsari. Likita ya ce mu fi sa ido kan zuciya. Na karanta cewa cimar mutanen yankin Bahar Rum tana kare zuciya, wato ganyayyaki, wake, kifi da man zaitun, sai na koma kanta. Na kuma sauya gishiri da irin wanda ba shi da sodiyam. Yanzu wata ta ce cutar da shi nake yi. Wallahi ba na iya barci.

Dattijo: Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, ki ɗauke wannan gishirin yau ɗin nan. Yawancin irin wannan gishirin da sinadarin fotasiyam ake yin su, ƙoda mai rauni kuwa ba ta iya fitar da shi yadda ya kamata, in ya taru a jini bugun zuciya yake rikitawa. Balle in yana shan magungunan hawan jini irin su losartan ko lisinopril, su ma ɗaga shi suke yi. Ayaba, dankali, tumatir, wake, duk ki cire su.

Mai tambaya: Losartan yana sha, Baba. Amma ai a kantin magani na saya, kuma tun da na fara jininsa ya ɗan sauka.

Dattijo: Saukar jini daban, fotasiyam daban. Na yi jinyar ƙanena, na san abin da nake faɗa.

Ma'aikaciyar jinya: A maganar gishirin ina tare da Baba. Amma cire wake da ganye gaba ɗaya ba tare da gwaji ba, a nan na saɓa. Nawa ne fotasiyam ɗinsa a gwajin jini? In yana tsakanin 3.5 da 5.0, da yawa ba a hana su waɗannan abubuwan. Shawarar KDIGO, ƙungiyar ƙwararrun ciwon ƙoda ta duniya, ita ce sodiyam ƙasa da giram 2 a rana, kusan giram 5 na gishiri ke nan, furotin kuma giram 0.8 a kowane kilo na nauyin jiki a rana ga wanda ba ya wankin ƙoda. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne naman gwangwani, tsiran-alade da lemon kwalba, saboda gishiri da fosfet da ake ƙara musu. Likitanku ya yi gaskiya, masu wannan mataki ciwon zuciya ya fi yi musu barazana a kan kaiwa ga wankin ƙoda.

Maman biyu: Ke dai gara ke, naki yana cin abin da kika dafa. Nawa sai ya ci a waje ya dawo ya ce ya ƙoshi, in sugan ya hau kuma ni dangi ke zagi. Asibitin da muke zuwa ko minti biyar ba sa ba mutum.

Dattijo: Malama, ka'idar takarda ce kike kawowa. Kafin a yi gwajin fa? Rigakafi ya fi magani. A cire komai tukuna.

Ma'aikaciyar jinya: In an cire komai sai me ya rage, Baba? Nama da farar shinkafa? Ga suga, ga zuciya. 'Yar uwa, ki nemi a haɗa ku da masanin abinci na masu ciwon ƙoda, ki kuma tambaya ko ya dace da magungunan suga irin su empagliflozin ko dapagliflozin, suna kare ƙoda da zuciya. Yana shan maganin suga na metformin? In eGFR ya yi ƙasa da 45 ana duba adadin da ake sha. Kuma kada ya sha magungunan rage ciwo irin su ibuprofen ko diclofenac.

Mai tambaya: Takardun gwajin suna hannun yayarsa, ni kuma ba zan je roƙonta ba. Wake kam ba zan daina ba, shi kaɗai yake ci da marmari. Gishirin ma saura kaɗan ya ƙare, ba zan iya barinsa ya gama da shi ba?

Dattijo: A'a.

Maman biyu: Ni ma tambaya gare ni, wannan man zaitun ɗin ana suya da shi kuwa?